Koyar da tsaron manhaja tun daga ajin farko: me ake nufi, kuma me zai iya gyarawa?

Duk lokacin da labari ya fito cewa an kutsa cikin na'urorin wani banki ko kamfanin sadarwa, hankalin jama'a kan koma kan ɓarawon ne: wane ne shi, daga ina yake, wane irin hatsabibi ne. Ba kasafai ake tambayar ta ina ya shiga ba. Alhali sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a harkar kwamfuta tsagar ba ta cika zama wani abin al'ajabi ba. Sau da yawa layi ɗaya ne ko biyu da wani ya rubuta bai tsaya ya tambayi kansa abin da zai faru idan aka ba shirinsa abin da bai zata ba.

Wannan ne tushen wata muhawara da aka daɗe ana yi tsakanin malaman kimiyyar kwamfuta, kamfanoni da hukumomin tsaro, musamman a Amurka da Turai. Wasu na cewa a fara koya wa ɗalibi rubuta shiri mai tsaro tun ranar da ya fara koyon rubuta shirin. Wasu na cewa a bari sai ya yi nisa, ko ma a bar wa masu ƙwarewa a fannin tsaro. Ruɗanin da ke cikin maganar yana da yawa, har wasu na ɗauka ana nufin koya wa yara kutse ne.

Ma'anar kalmomin

Kalmar manhaja na da fuska biyu a Hausa: tana nufin tsarin darussan makaranta, tana kuma nufin abin da ake sa wa waya ko kwamfuta don ta yi wani aiki. A wannan sharhi ma'ana ta biyu ake nufi, ta farko kuwa za a kira ta tsarin karatu. Ita manhaja tarin umarni ce da mutum ya rubuta wa na'ura a wani harshe na musamman, irin su C, Java, Python ko Rust. Rubutun umarnin shi ne masu sana'ar ke kira kod, aikin rubuta shi kuma kodin. Ƙaramin abin da ɗalibi ya rubuta don ya yi aiki guda za mu kira shi shiri.

Kowane shiri na iya zuwa da kuskure. Wani kuskuren iyakarsa ya ba da amsar da ba daidai ba. Wani kuwa yana buɗe hanyar da baƙo zai bi ya karanta abin da ba nasa ba, ya canza shi, ko ya ƙwace ragamar na'urar gaba ɗaya. Irin wannan na biyun shi ne rauni, ko kafa. Kutse shi ne bin kafar. Rubuta kod mai tsaro kuwa shi ne rubuta shiri ta yadda zai ci gaba da yin daidai ko da wanda ke amfani da shi yana neman ya karya shi da gangan.

Akwai raunuka uku da za su riƙa dawowa a wannan magana, don su ne suka fi kusa da abin da ake koya a makonnin farko.

Na farko tumbatsar ma'aji. Shiri kan keɓe wani ɗan wuri a ƙwaƙwalwar kwamfuta don ajiye abin da za a shigar, misali gurbin haruffa 20 don suna. Idan aka shigar da haruffa 200 kuma shirin bai auna ba, rarar za ta malala zuwa wurin da ke maƙwabtaka, kamar a juye tiya biyar ta gero a kwanon da ba ya cin fiye da ɗaya. Abin tsoron shi ne, a maƙwabtan nan ne na'ura kan ajiye bayanin umarnin da za ta bi na gaba. Wanda ya iya tsara rarar, ya iya juya akalar na'urar.

Na biyu tumbatsar lamba. Kwamfuta na ajiye lamba a gurbi mai iyaka. A harsuna da dama babbar lambar da gurbin yau da kullum ke ɗauka ita ce 2,147,483,647. Idan lissafi ya haura haka, lambar na iya juyewa ta koma ƙasa da sifili, shirin kuma ya ci gaba da aiki da ita kamar ba abin da ya faru.

Na uku cusa umarni. A ɗauka magatakarda yana da takarda da aka riga aka buga mata "kawo fayil ɗin wane", mai buƙata ya cike sunansa kawai. Sai wani ya rubuta a gurbin sunan: "Audu, sannan ka haɗo da fayilolin kowa da kowa." Magatakarda mai hankali zai gane cewa wannan ba suna ba ne. Kwamfuta ba za ta gane ba, sai idan wanda ya rubuta shirin ya raba tsakanin umarni da bayanin da baƙo ya kawo. Inda aka fi samun wannan shi ne wajen magana da rumbun bayanai a harshen SQL.

Tsagar da ta ƙi toshewa

Ranar 2 ga Nuwamba 1988 wani ɗalibin Jami'ar Cornell, Robert Tappan Morris, ya saki wani shiri mai kwafar kansa daga na'ura zuwa na'ura. An ƙiyasta ya shafi kwamfutoci kusan 6,000, a lokacin da intanet ɗin gaba ɗaya ba ta wuce na'urori kamar 60,000 ba. Ɗaya daga cikin ƙofofin da ya bi ita ce wani ƙaramin shiri da ya keɓe gurbin haruffa 512, shi kuma ya aika masa 536. Shirin yana karɓar saƙo ne da wani umarnin harshen C mai suna gets, wanda ba ya duba tsawon abin da aka ba shi ko kaɗan. Wannan lamari ne ya sa aka kafa cibiyar tsaron kwamfuta ta CERT a Jami'ar Carnegie Mellon a shekarar. Shi kuwa gets bai fita daga ƙa'idar harshen C a hukumance ba sai 2011, bayan shekara 23, kuma a tsawon wannan lokaci littattafan koyarwa da yawa sun ci gaba da nuna shi ga masu farawa saboda sauƙinsa.

A Afrilun 2014 aka gano raunin da aka yi wa laƙabi da Heartbleed a cikin OpenSSL, manhajar da shafukan intanet masu yawan gaske ke dogaro da ita wajen sirranta saƙo. Akwai wata 'yar gaisuwa da na'urori biyu ke yi don kowace ta tabbatar ɗayar tana nan: wannan ta aika kalma tare da faɗin tsawonta, waccan ta maido da ita. Sai ya zama ana iya aika kalma mai harafi huɗu a ce tsawonta kusan 64,000 ne. Na'urar ba ta gwada abin da aka faɗa da abin da aka kawo ba, sai ta cike gibin da duk abin da ta tarar a ƙwaƙwalwarta, har da kalmomin sirri da makullan sirranta saƙo. Kuskuren ya yi shekara biyu a fili kafin a lura.

Cusa umarni ta SQL an bayyana shi a mujallar Phrack tun Disamban 1998. Duk da haka, a Oktoban 2015 aka bi ta wannan hanya aka kwashe bayanan abokan hulɗar kamfanin sadarwa na TalkTalk a Birtaniya kusan 157,000. Hukumar kare bayanai ta ƙasar ta ci kamfanin tarar fam 400,000. Cikin waɗanda 'yan sanda suka kama har da yara masu shekara 15 da 16, wato dabarar ta girme su.

Ba sai an yi kutse irin wannan sakacin ke ɓarna ba. Ranar 19 ga Yulin 2024 wata sabuntawa daga kamfanin CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutoci masu Windows da Microsoft ta ƙiyasta sun kai miliyan 8.5, jiragen sama suka kasa tashi, asibitoci suka koma takarda da biro. Binciken kamfanin ya nuna wani ɓangaren shirin yana tsammanin bayanai 21, aka ba shi 20, ya miƙa hannu zai ɗauko na 21 a inda babu shi. Wannan kuskure ne da ake iya nuna wa ɗalibi a makon da ya fara koyon jerin bayanai.

A 2019 Microsoft ta ce kusan kashi 70 cikin 100 na raunukan da take gyarawa duk shekara sun shafi yadda shiri ke taɓa ƙwaƙwalwar na'ura ne. A 2020 masu kula da Chromium, tushen burauzar Chrome, suka fitar da adadi kusan irin wannan game da manyan raunukansu. Waɗannan kamfanoni ne da ke ɗaukar gwanayen duniya aiki.

Yadda ajin farko ke shuka matsalar

A nan ne maganar ta fi nauyi, don abin da ke faruwa a ajin farko ba a cika ganinsa a matsayin laifi ba.

Malami ya ba da aiki: rubuta shiri da zai karɓi shekarun mutum ya faɗi ko ya isa kaɗa ƙuri'a. Ɗalibi ya rubuta, ya gwada da 25, ya gwada da 12, amsa ta fito daidai. Malami ma ya gwada da irin waɗannan lambobi, ya ba shi cikakken maki. Ba wanda ya shigar da lambar da ke ƙasa da sifili, ko kalmar "ashirin" a maimakon 20, ko ya bar gurbin fanko, ko ya danna lamba mai tsawon layi guda. Sau da yawa takardar aikin da kanta ke cewa ɗalibi ya ɗauka mai amfani zai shigar da abin da ya dace. An faɗi haka ne don a sauƙaƙa masa, kuma niyyar mai kyau ce. Amma darasin da ya zauna a zuciyarsa shi ne: shiri ya yi daidai muddin ya yi aiki a hannun mai kyakkyawar niyya. Zai maimaita wannan darasi sau ɗari a shekara biyu ko uku. Ranar da aka zo masa da kwas ɗin tsaro a shekarar ƙarshe, idan ma an zo da shi, hannunsa ya riga ya saba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ɗalibi kuwa abin da ake ba wa maki shi yake koya. Malami na iya yin nasiha a kan tsaro na awa guda, amma idan ma'aunin gwajin aiki bai ƙunshi ko da shigarwa ɗaya ta mugunta ba, nasihar za ta tsaya a littafin rubutu. A ganina wannan ne zuciyar al'amarin, kuma shi ne ɓangaren da ya fi arha a gyara.

Sai misalan da ake koyi da su. Don a taƙaita shafi, marubuta littattafan koyarwa kan cire layukan da ke duba kuskure, wani lokaci da ɗan gargaɗi a ƙasa cewa a aikin gaske sai an ƙara su. Gargaɗin ba ya bin ɗalibi, misalin ne ke binsa. Har gwanaye ba su tsira ba. A 2006 Joshua Bloch, wanda ya rubuta wani sanannen tsarin bincike cikin jerin lambobi a ɗakin kayan aikin harshen Java, ya bayyana cewa layin da ke nemo tsakiyar jerin yana da tumbatsar lamba. Ana haɗa lambar farko da ta ƙarshe a raba biyu, kuma idan jerin ya haura biliyan ɗaya jimillar na zarce iyaka. Kuskuren ya yi kusan shekara tara a cikin Java, kuma haka aka riƙa koyar da layin a azuzuwa da littattafai.

Bayan littafi akwai intanet, inda mai koyo ke kwafo amsa. Wani bincike da aka gabatar a 2017 ya duba manhajojin Android miliyan 1.3, ya gano kashi 15.4 cikin 100 na ɗauke da gutsattsarin kod masu alaƙa da tsaro da aka kwafo daga shafin Stack Overflow, kuma kashi 97.9 na waɗannan suna da aƙalla gutsure ɗaya mara tsaro. Kwafar ba ita ce aibin ba, kowa na yi. Aibin shi ne mai kwafar ba shi da idon da zai gane abin da ya ɗauko.

Na ƙarshe, rabon aiki a sassan jami'a. An saba ɗaukar tsaro a matsayin fanni mai zaman kansa, da malaminsa da kwas ɗinsa na zaɓi. A Janairun 2024 Jack Cable, wanda a lokacin yake aiki da hukumar tsaron intanet ta Amurka, CISA, ya rubuta cewa cikin manyan jami'o'i 24 na ƙasar a fannin kimiyyar kwamfuta, 23 ba sa wajabta wa ɗalibi kwas ɗin tsaro kafin ya kammala. Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego ce kaɗai ta bambanta. Malaman da ke riƙe da ajin farko su ma da yawansu a wannan tsari suka taso.

Abin da aka gwada

Tunanin ba sabo ba ne. Tun 1975 Jerome Saltzer da Michael Schroeder na MIT suka jera ƙa'idojin tsara na'ura mai tsaro, ciki har da cewa kada a ba kowane ɓangare izinin da ya wuce buƙatar aikinsa, kuma idan an shiga shakka a hana. Kai waɗannan ƙa'idoji ajin masu farawa shi ne ya ɗauki lokaci.

A Jami'ar Towson da ke jihar Maryland, Blair Taylor da Siddharth Kaza da abokan aikinsu sun tsara wasu gajerun darussa da ake sakawa cikin kwasa-kwasan farko ba tare da an ƙara sabon kwas ba. Sun ɗauki raunuka irin ukun da aka ambata a sama, musamman tumbatsar lamba, tumbatsar ma'aji da tantance abin da aka shigar, suka liƙa kowanne a inda ya dace da shi. Ranar da ake koyar da nau'o'in lamba ake nuna yadda lamba ke tumbatsa. Ranar jerin bayanai ake nuna abin da ke faruwa idan an wuce iyakar jeri. Kowane darasi na zuwa da labarin wata ɓarna ta gaske, da ɗan aikin gwaji, da jerin tambayoyin da ɗalibi zai bi ya binciki kod ɗinsa da kansa.

Matt Bishop na Jami'ar Kalifoniya da ke Davis ya bi ta wata hanyar. Ya kwaikwayi cibiyoyin gyaran rubutu da jami'o'in Amurka ke da su, inda ɗalibi ke kai maƙalarsa a duba masa salo da nahawu ko da kuwa maƙalar ta tarihi ce. Haka ɗalibin kwamfuta zai kai shirinsa wani zaure a duba masa ƙarfinsa, daga kowane kwas ya fito. Wenliang Du na Jami'ar Syracuse kuma ya samar da ayyukan gwaji na SEED, inda ɗalibi ke kai hari kan shiri mai rauni a cikin keɓaɓɓiyar na'ura sannan ya gyara shi.

A matakin ƙa'ida, ƙungiyoyin ACM da IEEE, waɗanda jagorarsu ta tsarin karatun kwamfuta ke da tasiri a jami'o'in duniya, sun ware wa tsaro babi na musamman a bugun 2013, suka kuma nuna cewa a watsa shi cikin sauran darussa. Rubutawa a jagora abu ne daban, isarsa allon aji abu ne daban.

Ra'ayoyin da ke karo da juna

Hujjar da ta fi ƙarfi a ɓangaren masu ja ita ce ta nauyi. Ajin farko na kodin sananne ne da wahala. Ɗalibin da bai gama gane yadda umarni ke maimaita kansa ba, idan aka ɗora masa tunanin maƙiyi da ke ɓoye, ana iya kashe masa gwiwa ya bar fannin. Lokacin zango ma ƙididdigagge ne, duk abin da aka ƙara sai an cire wani. Wannan magana gaskiya ce, kuma duk wanda ya yi watsi da ita bai san ajin ba. Amsar da masu goyon baya ke bayarwa ita ce ba ilimin sirranta saƙo ko binciken kutse ake nema a mako na uku ba. Abin da ake nema tambaya ce guda da za ta zama al'ada: idan aka shigar da abin da ban zata ba fa? Wannan tambaya ba ta fi ƙarfin mai farawa ba, kuma tana taimaka masa ya fahimci shirinsa ko da ba maganar tsaro.

Ɓangare na biyu na cewa an nufi inda ba nan ba ne. Ɗan Adam ajizi ne, ko an koya masa zai manta ranar da aiki ya matse shi, don haka a gyara kayan aikin. Harsuna irin su Rust, Java, Python da Go suna hana shiri wuce iyakar ma'ajinsa da kansu. Hukumar NSA ta Amurka ta ba da shawarar komawa irin waɗannan harsuna a Nuwamban 2022, Fadar White House ta maimaita a wani rahoto na Fabrairun 2024. Hujjarsu tana da lambobi a bayanta: Google ta ce a tsarin Android rabon raunukan ƙwaƙwalwa ya sauko daga kashi 76 cikin 100 a 2019 zuwa 24 a 2024, bayan ta mayar da rubuta sabon kod zuwa harsuna masu tsare iyaka. Babu wani tsarin koyarwa da zai iya nuna sakamako ƙarara irin wannan, don tsakanin aji da manhajar da ke kasuwa akwai shekaru da hannaye da yawa.

Sai dai harshe na toshe tsaga iri guda ne. Log4j, ɗan kayan aikin da rauninsa ya girgiza duniya a Disamban 2021, da Java aka rubuta shi. Matsalarsa ita ce yana ɗaukar rubutun da baƙo ya aiko a matsayin umarnin da zai bi. Haka cusa umarni ta SQL ke yiwuwa a Python kamar yadda yake yiwuwa a C. Babu harshen da zai hana mai rubutu manta duba ko wanda ke neman takardar sakamakon jarrabawa shi ne mai ita. A jerin manyan haɗura goma na ƙungiyar OWASP na 2021, raunin da ya zo na ɗaya shi ne gazawa wajen tantance wa ke da izinin ganin me. Akwai ma wata sabuwar damuwa: da yake jami'o'i da yawa sun koma fara koyarwa da Python, ɗalibi na iya kammalawa bai taɓa ganin tumbatsar ma'aji da idonsa ba, sannan a ɗauke shi aiki a kan tsohon kod na C, wanda har yanzu shi ke cikin motoci, na'urorin asibiti da na'urorin rarraba intanet.

Ɓangare na uku na ganin ɗora wa makaranta laifi hanya ce da kamfanoni ke zame wa nasu alhakin. Injiniya na iya sanin daidai, amma idan shugabanninsa sun ce a fitar da kaya ranar Juma'a ko ta halin ƙaƙa, iliminsa ba zai cece shi ba. Kutsen da aka yi wa kamfanin Equifax a 2017, wanda ya shafi mutane kusan miliyan 147, ya faru ne ta raunin da an riga an fitar da gyaransa watanni kafin nan, ba a dai saka gyaran ba. Wannan ba matsalar aji ba ce. Shi ya sa Tarayyar Turai ta kafa dokar da ta fara aiki a Disamban 2024, wadda za ta ɗora wa masu ƙera kayan da ke da manhaja alhakin tsaronsu, kuma manyan tanade-tanadenta za su hau kansu daga Disamban 2027. Amma doka irin wannan na ƙara wa maganar koyarwa ƙarfi ne, don kamfanin da za a ci tara zai fara tambayar abin da sabon ma'aikacinsa ya sani.

Tsoron cewa ana koya wa yara kutse kuwa bai da tushe mai ƙarfi. Dabarun nan suna warwatse a intanet shekara da shekaru. Wanda ya rasa su shi ne mai gini, ba mai fasa gini ba. Abin da ya wajaba shi ne a yi gwajin a keɓaɓɓiyar na'ura, a kuma gaya wa ɗalibi a fili cewa taɓa na'urar wani ba da izini ba laifi ne a doka.

Shigowar ƙirƙirarriyar basira

Yau ɗalibi na iya bayyana abin da yake so da magana, manhaja ta rubuto masa kod ɗin. A 2021 masu bincike a Jami'ar New York sun gwada ɗaya daga cikin irin waɗannan manhajoji, GitHub Copilot, a yanayi 89 da aka zaɓa saboda haɗarinsu, ya samar da shirye-shirye 1,689, kusan kashi 40 cikin 100 na ɗauke da rauni. Wani binciken na Jami'ar Stanford a 2022 ya gano waɗanda suka yi aiki da irin wannan mataimaki sun fi rubuta kod mara tsaro, kuma sun fi yarda cewa abin da suka rubuta lafiya lau yake. Kayan sun ci gaba tun daga lokacin, amma daga rubutun mutane suka koya, har da kurakuransa. Idan rubutawa ta yi sauƙi, aikin mutum ya koma karantawa da yanke hukunci, kuma wanda ba a taɓa koya masa neman tsaga ba zai sa hannu a kan abin da bai duba ba.

Inda abin ya shafe mu, da abin da za a iya tsammani

A Najeriya ana faɗaɗa koyar da kodin da sauri. Gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT a 2023 da burin horar da mutum miliyan uku a fannonin fasaha, ga cibiyoyi masu zaman kansu da ke koyarwa cikin 'yan watanni. Waɗanda ke fitowa daga nan su ne za su rubuta shafukan rajistar ɗalibai, manhajojin biyan kuɗi da rumbunan bayanan asibitoci. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta wajabta wa masu riƙe bayanan mutane su tsare su, kuma su sanar da hukuma cikin awa 72 idan an samu ɓaraka mai haɗari ga masu bayanan. A gajeren horo irin wannan babu shekarar ƙarshe da za a jira, abin da bai shiga darasin farko ba ba zai shiga ba ke nan.

A jami'o'i kuma, sabon tsarin karatu da hukumar NUC ta fitar a Disamban 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta tsara da kanta, kuma ya amince da tsaron intanet a matsayin digiri mai zaman kansa. Digirin abu ne mai kyau, amma yana iya ƙarfafa tunanin cewa tsaro aikin 'yan wancan sashen ne, alhali kod ɗin da za su zo su kare ɗaliban sashen kimiyyar kwamfuta da na injiniyan manhaja ne ke rubuta shi.

Kada a yi tsammanin koyarwa za ta kawar da kutse. Ba za ta hana ma'aikaci danna saƙon yaudara ba, ba za ta saka gyaran da kamfani ya yi sakaci da shi ba, kuma amfaninta ba zai bayyana ba sai ɗaliban sun shiga aiki. Abin da za ta iya ragewa shi ne raunukan da aka san maganinsu tun shekarun 1990 amma ake sake haifar su a kowane sabon shafi. Kuɗin da hakan ke ci kaɗan ne, don ba ya buƙatar sabon ɗakin gwaji ko intanet mai ƙarfi. Malamin da ke da aikin shekarun kaɗa ƙuri'a a hannunsa zai iya goge jimlar da ke cewa a ɗauka za a shigar da abin da ya dace, ya ƙara gwaji huɗu a ma'auninsa: lamba ƙasa da sifili, kalma a maimakon lamba, gurbi fanko, da lamba mai tsawon layi. Ya ware musu maki biyu cikin goma, ya kuma sa ɗalibai su yi musayar shirye-shiryensu, kowa ya yi minti goma yana ƙoƙarin karya na ɗan'uwansa kafin a miƙa.